Malcolm X: Mutumin Da Bai Ji Kunyar Komawa Ga Gaskiya Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan'uwana matasa, yau ina so mu yi nazari a kan rayuwar Alhaji Malik El-Shabazz, wanda duniya ta fi sani da Malcolm X, domin a ganina akwai darasi a cikinta ga duk mai neman shiriya.

An haife shi a garin Omaha na ƙasar Amurka a shekarar 1925, a zamanin da ake wulaƙanta baƙar fata a fili. Mahaifinsa, wanda mai wa'azin Kirista ne, ya rasu a 1931, yaron ya tashi cikin maraici har ya faɗa sata, aka ɗaure shi a 1946. A kurkukun ne ya duƙufa ga karatu, yana kwafe ƙamus da hannunsa, a nan kuma ya karɓi da'awar ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad. Da ya fito a 1952 sai ya zama babban mai wa'azinta.

Sai dai aƙidar ƙungiyar ta yi hannun riga da Musulunci, domin suna ɗaukar Elijah a matsayin manzo, suna kuma cewa farar fata shaiɗanu ne. Shekara goma sha biyu yana wannan kira. A watan Maris na 1964 ya bar su, a Afrilu ya tafi aikin Hajji, inda ya ci abinci a akushi ɗaya da fararen fata Musulmi, ya ga ma'anar aya ta 13 ta Suratul Hujurat da idonsa: taƙawa ce ma'aunin ɗaukaka, ba launi ba. A kan hanyarsa ta komawa ya biyo ta Jami'ar Ibadan, ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, bai ɓoye wannan sauyi ba. Ya fito bainar jama'a ya warware maganarsa ta da, alhali ya san hatsarin da ke ciki, kuma bai fasa yaƙi da zalunci ba. Ranar 21 ga Fabrairu, 1965 aka harbe shi a Niyok, yana da shekara 39. Bayan shekara goma, Warith Deen, ɗan Elijah, ya ja mafi yawan mabiyan mahaifinsa zuwa ga Sunna.

To, ya kai ɗan'uwa mai muhawara dare da rana a intanet, idan hujja ta bayyana a hannun abokin jayayyarka, za ka iya sallamawa? Ko kuwa ƙungiya da ƙabila sun fi gaskiya girma a zuciyarka? Sannan kada mu yanke wa kowa ƙauna, domin wanda ya ga Malcolm a kurkuku ba zai taɓa zaton zai tsaya a Arfa ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa mu cika da imani, amin. Wassalamu alaikum.