Kukan ƙafar jirgin ƙasa

Mu 'yan Tambuwal da Kebbe ba mu tashi da jin ƙarar jirgin ƙasa ba. Dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso ƙasar Sakkwato ba. Ƙarar da kunnenmu ya saba da ita ta manyan motoci ce a kan titin Sakkwato zuwa Jega. Wataƙila shi ya sa, tun da na fara shiga jirgi ina babba, nake sauraron ƙafafunsa fiye da sauran fasinja.

Ƙafar jirgi ƙarfe ce zalla, tana birgima a kan ƙarfe, wurin da suke haɗuwa kuwa bai fi faɗin kwabo ba. Duk santsin da ido ke gani, a fuskar ƙafar da ta dogon akwai ƙananan tudu da kwari. Idan tarago mai nauyin tan da yawa ya bi ta kansu da gudu, sai ƙafar ta yi amo kamar tasar da aka ƙwanƙwasa, dogon ma ya amsa. Kowa ya san idan aka ɗora yatsa a bakin tasa, amon yakan mutu. Dabarar injiniyoyi ke nan: su saka zoben ƙarfe a wani kwarmi a jikin ƙafar, ko su liƙa faifai masu roba a tsakani, domin su shanye girgizar. Wasu kuma siffar suke gyarawa, su ƙara kaurin cikin ƙafar su miƙe shi, saboda ƙarfe mai kauri ba ya saurin kaɗawa. Shi kuwa “ƙwas-ƙwas” ɗin tsohon dogo, daga mahaɗar ƙarafuna yake fitowa, walda ce maganinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne birki. Tsofaffin taragun kaya suna da birki na zubin baƙin ƙarfe, mai matse fuskar ƙafar kai tsaye, kullum yana ƙara mata kaushi. Da aka musanya shi da na haɗin roba da wasu sinadarai, fuskar ta zauna sumul, ƙarar ta ragu da kusan desibel 10, wato kamar rabi a kunnen mutum. Tun daga 2020 Jamus da Suwizalan suka hana taragun kaya masu tsohon birki bin layukansu. Mutanen kwarin kogin Rayin, inda jiragen kaya ke wucewa dare da rana ta ƙofar gidaje, sun daɗe suna wannan fafutuka, domin barcinsu ne ke tafiya.

Amma neman shiru yana da nasa haɗari. Jirgin Jamus mai gudu, ICE, ya fara aiki a 1991 da ƙafafun ƙarfe dunƙulallu. Ba a jima ba fasinja suka fara kukan girgiza, musamman a taragon cin abinci, inda kofuna ke rawa a kan tebur. Sai aka sauya zuwa ƙafa mai ɓari biyu, da zoben roba tsakanin cikinta da bakinta, irin wadda jiragen cikin gari marasa gudu suke amfani da ita. Girgiza ta lafa. Sai dai bakin ƙarfen yana ɗan lanƙwasa a kowane juyi, yana kuma sirancewa da tafiya, tsaga tana girma daga ciki inda ido ba ya kai wa. Ranar 3 ga Yuni 1998, kusa da garin Eschede, bakin wata ƙafa ya tsinke jirgin yana gudun kilomita 200 a awa. Taragu suka kauce, suka rushe wata gada a kansu, mutum 101 suka rasu. Bayan haka aka koma ƙafa dunƙulalla.

Maganar ta zo gida ne saboda layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Garuruwanmu kuwa dogo suke bi su rungume, kamar yadda tsohon layi ya shige tsakiyar Kano da Zariya. Ga kuma rairayi da ƙurar hunturu, masu cin ƙarfe kamar zarto. Jirgin tama na Muritaniya ya daɗe yana fama da wannan. Ƙafar da ta cinye, ko ta yi shafaffen gefe saboda jan birki, tana dukan dogo a kowane juyi, ta sassauta ƙusoshi, ta gajiyar da gatari. A ganina, abin da ya kamata mu 'yan jarida mu riƙa tambaya ya wuce ranar buɗe layi: wane irin birki ne a taragun kayan, ina injin da zai riƙa sassaƙe ƙafafun su koma daidai, kuma wa zai riƙa duba tsagar ciki da na'ura, sau nawa a shekara? Idan wata rana dogo ya iso Sakkwato, gidajen da ke bakin layin na 'yan'uwanmu ne.