Tabarma da Numfashi: Abin da Kullen Korona Ya Koya Mana a Darmanawa

Duk wanda ya san Darmanawa, can bayan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a ƙaramar hukumar Tarauni, ya san unguwa ce da ta cika ta batse a kan idonmu. Lokacin da aka kawo ni aure akwai sauran filaye jefi-jefi, kuma da hantsi ƙarar taɓarya ce ke tashi daga gida zuwa gida. Mace ta yi surfe, ta yi daka, ta ja ruwa a rijiya, in za ta barka Gyadi-Gyadi ta ɗauki mayafi ta taka da ƙafa. Sannu a hankali inji ya karɓi aikin turmi, 'yan garuwa suka karɓi aikin guga, adaidaita sahu ta riƙa zuwa har bakin lungu. Mun gode wa Allah da sauƙin da aka samu, babu mai marmarin wahalar da. Sai dai jikin da ya saba motsi tun asuba ya koma zama, kuma hirar mata a gidan suna ta koma ta ciwon baya, ciwon gwiwa, hawan jini da suga.

A haka shekarar 2020 ta same mu. A tsakiyar watan Afrilu gwamnatin Kano ta sa dokar zaman gida saboda korona, kafin watan ya ƙare Shugaba Buhari ya ƙara tsaurara ta. Ga zafin bazara, ga azumi ya kama, ga labarin rasuwar dattawa yana shigowa ta waya da rediyo ba ƙaƙƙautawa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙwaryar Kano a ɗan tsakanin nan, kuma rabinsu ko fiye suna da alaƙa da cutar. Mu da muke cikin gida ba lissafi muke yi ba, tsoro ne ya cika mu. Barci ya ƙaurace wa manya, faɗa ya yawaita a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Gidanmu gidan gandu ne: surukata Hajiya, ni da faccalolina, da 'ya'yanmu. Kullen ya rutsa da autar Hajiya a gida, ɗaliba ce a sashen gashin ƙashi na Jami'ar Bayero, an rufe makarantu ga kuma yajin aikin malaman jami'a da ya kai har Disamba. Yara suka laƙaba mata Anti Likita, mu ma muka bi. Ita ce ta lura da yadda Hajiya take dafa bango kafin ta miƙe, da yadda ta daɗe tana salla a kan farar kujerar roba. Wata rana bayan an sha ruwa ta ce, “Hajiya, gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba zan fara sa ki motsa jiki.”

Hajiya ta ajiye kofin kunu ta dube ta. “Ke 'yar nan, da girmana zan hau tsalle-tsalle a gaban surukaina?”

“Babu tsalle, Hajiya, babu gudu. Da numfashi za mu fara, kina zaune.”

Washegari muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, gari bai gama wayewa ba. Hajiya na kan kujerarta, mu kuma muka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Likita ta ce kowa ta ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. A shaƙi iska ta hanci a hankali har hannun da ke kan ciki ya ɗaga, sannan a fitar da ita ta baki, a ja fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Da farko ƙirji ne kawai ke motsi, kafaɗu na hawa har kunne. Ta riƙa zagayawa tana dafa kafaɗar kowa tana cewa, “Sake ta, Anti, ba kaya kika ɗauko ba.” Can sai na ji cikina ya fara tashi da kansa, bugun zuciyata ya lafa, har na ji kukan tsuntsaye a bishiyar darbejiyar maƙwabta. Ta yi mana bayani cewa idan mutum ya tsawaita fitar da numfashi zuciya kan rage sauri, jijiyoyin da ke sa jiki cikin shirin fargaba su sassauta. Wannan safiyar ban koma barci da ƙuncin da na saba ba.

Kwanaki na tafiya tana ƙara mana abu ɗaya bayan ɗaya. A kwance, mu ɗaga ƙugu sama mu ɗan riƙe, mu sauke a hankali. A durƙushe bisa hannu da gwiwa, mu gantsare baya sannan mu turo shi sama, numfashi na bin motsin. Mu dafa bango mu tsaya da ƙafa ɗaya. Mu cika gorar ruwa biyu mu riƙa ɗagawa don ƙarfin dantse. Hajiya kuwa aikinta ta tashi daga kujera ta koma ta zauna, da farko tana dafa turmin da aka daɗe da jinginewa, daga baya babu dafawa. Likita ta kafa mana sharaɗi biyu: kada a riƙe numfashi, kuma duk motsin da ya kawo zafi mai suka a bar shi nan take. Ta ce guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyoyin jini, da motsi yake samun abincinsa daga ruwan gaɓa, shi ya sa zaman da muke ɗauka hutu ne yake ƙara sandarar da ƙafa. Ta ce tsokokin ciki da na ƙugu su ne madogarar ƙashin baya, in sun yi laushi baya ne ke shan wahala.

Maigidana ne ya tayar da maganar da ke ran kowa. Ya ce ya ji irin wannan motsi na masu bauta ne a Indiya, ba ya son abin da zai taɓa addini. Likita ba ta yi musu ba. Ta ce yoga yake nufi, ita dai daga Indiya ta fito, kuma tana da tushe a ibadar mutanen can, amma mu babu wata kalma da muke furtawa, babu abin da muke rusunawa. Yawancin abin da take koya mana daga darasin asibiti ta ɗauko, wasu kuma daga tsarin wani Bajamushe mai suna Joseph Pilates, wanda Turawan Ingila suka tsare a wani sansani lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A cikin tsarewar ya riƙa koya wa 'yan uwansa fursunoni atisayen da ba ya buƙatar fili ko kaya, daga baya ya buɗe wurin koyarwa a birnin New York. Hajiya ce ta rufe zancen. Ta tuna masa cewa a Islamiyya an karantar da su Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Daga ranar shi ne mai tashin yara su share mana tsakar gida.

Akwai darasin da Likita ba ta yi a fili ba. Amaryar gidanmu tana jego a lokacin, kuma ta daina dariya da ƙarfi. Sai da muka keɓe a ɗaki ta faɗa, kanta a sunkuye, cewa in ta yi tari ko atishawa fitsari na ɗan zubo mata, har tana shakkar alwalarta. Kafin ta rufe baki faccalata ta ce ita shekaru ke nan tana fama da haka ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Likita ta ce ciki da naƙuda ne ke sassauta tsokokin ƙasan mara, kuma ana ƙarfafa su kamar kowace tsoka: a matse kamar mai riƙe fitsari, a ɗan dakata, a saki gaba ɗaya, a maimaita safe da yamma, amma ba lokacin da ake fitsarin ba. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan hanya tun 1948. Babu wanda zai ga mace tana yi, ko tsintar shinkafa take. Bayan 'yan watanni amarya ta dawo da dariyarta.

Abin da ba zan manta ba ya faru ne bayan babbar salla. Na shiga ɗakin Hajiya da magariba na tarar da kujerar roba a gefe, ita kuwa tana kan darduma, goshinta a ƙasa. Ta ɗago da ƙyar, ta dafa gwiwa ta miƙe ba tare da ta nemi bango ba. Da ta sallame ta dube ni idonta ya ciko, ta ce, “Yau na yi sujada, 'yar nan. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.” Ciwon gwiwar bai rabu da ita ba, kuma ba ta daina shan maganin hawan jininta ba. Amma ta samu abin da ta fi nema, kuma ta same shi ne da kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Da aka janye dokar zaman gida, labari ya bazu a layinmu. Maƙwabta suka fara sallama da asuba, kowa da tabarmarta a hammata. Wata mai shirin umara ta zo don an gaya mata sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita 3, ga ɗawafi. Mai ciwon suga ta koyi zagaya tsakar gida bayan cin tuwo, domin tsokar da ke aiki tana janye suga daga jini. A ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta: baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ya ƙarfafa tsokoki aƙalla kwana biyu, wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa don gudun faɗuwa. Alƙaluman da hukumar ta bayar na 2022 sun nuna kashi 34 cikin 100 na matan duniya ba sa samun isasshen motsi, maza kuma kashi 29. A wajenmu dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kunya, kuɗin wuraren motsa jiki, cakuɗuwa da maza, da tunanin cewa abin na 'yan ƙwallo ne. Irin wannan motsi mai taushi ya kauce wa duka. Da doguwar rigarki za ki yi, a ɗakinki, ba ki biya ko sisi ba.

Don haka 'yar'uwa, ki fara gobe da minti goma, ki ƙara a hankali. In kina da juna biyu, ko an yi miki aiki, ko kina da ciwon zuciya ko hawan jini, ki fara jin ta bakin likita, kuma kada ki ajiye magani don kin ji sauƙi. Magidanta su ba iyalinsu goyon baya, malaman Islamiyyar matan aure su ware ɗan lokaci su gayyato masu ilimin gashin ƙashi su koyar. Lafiya uwar jiki ce, kuma amana ce da za a tambaye mu a kanta. Allah ya ba mu ikon kula da ita.