Yadda kuɗin fulotina suka kusa salwanta, da abin da waya ta yi min

Yau ba maganar filashin ko canjin sikirin na zo da ita ba. Abin da ya faru da ni zan ba ku, don na san da yawanku kuna tara kuɗin fili kamar ni.

Shekara uku ina zuba adashi daga abin da nake samu a teburin gyaran waya a Ikara. Burina in samu hamsin-hamsin in ɗora ɗaki biyu, don iyayen yarinyar da nake nema sun ce in fito. To amma duk wanda ke yankin nan ya san yadda fili ya koma. Da kaka ta yi, manoman masara da rake da tumatir suka riƙe kuɗi, sai farashi ya tashi. A Makarfi masu kuɗi na wawar filayen kusa da makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris, su gina ɗakunan hayar ɗalibai. A Hunkuyi kuwa, mutanen da tsadar Zariya ta koro ne ke gangarowa. Ka taya yau, gobe ka dawo a ce wani ya ɗora.

Ana haka na ga hoton wani fuloti a sitatus ɗin wani dillali da nake gyara wa waya. Muka je na gani, ya yi min. Da dare sai ga saƙon murya: "Malam, wallahi wani Alhaji zai zo da kuɗinsa gobe daga Zariya. In kana so ka sa kafin alƙalami yanzu. Filin ba rigima, in aka samu matsala kuɗinka na wuyana." Jikina na rawa na tura masa dubu 200. Ban tambayi kowa ba.

Da na gaya wa Kawu washegari, sai ya ce, "Ɗana, ka je wajen mai unguwa kuwa?" Na yi shiru. Muka je tare. Ko zama ba mu gama yi ba mai unguwa ya ce filin gado ne, ba a raba ba, akwai marayu a ciki, kuma mutum ɗaya ne cikin magada yake son sayarwa a ɓoye. Gumi ya karyo min.

Aka kira dillali, ya ce shi bai yi alƙawarin mayar da kuɗi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in kunna wani abu." Na kunna muryarsa kowa ya ji, na nuna rasit ɗin taransifa mai sunansa da kwanan wata. Nan ya sunkuyar da kai. Sai da ya biya ni sau uku cikin wata huɗu, dubu 20 kuma har yau ban gan su ba.

Ga abin da nake yi yanzu, ku ma ku gwada:

1. Ka tsaya a tsakiyar filin, ka buɗe Google Maps, ka danna wurin ka riƙe har jar alama ta fito. Lambobin da suka bayyana ka adana su, kada gobe a nuna maka wani wuri daban.
2. Ka ɗauki bidiyon kusurwa huɗu, maƙwabta na nuna iyaka. Amma awon waya kimantawa ne kawai, ba ya maye gurbin safiyo.
3. Duk maganar kuɗi a yi ta a WhatsApp, kuma ka kunna ajiyar hira a Google Drive. Wayoyi nawa aka kawo min sun faɗa ruwa, komai ya tafi?
4. Ka tura kuɗi zuwa asusun mai filin, gaban shaidu. Dillali la'adarsa kawai yake da ita.
5. In kai ne mai sayarwa, kada ka yarda da alat na tes. Shiga manhajar banki ka ga kuɗin da idonka.

Sannan takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci tana da amfani, amma ba ita ce ƙarshe ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma a jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke rajistar fili da ba da takardar mallaka. In an ce maka fili na da takardar gwamnati, a can za ka tantance.

Daga baya na samu wani fulotin can bayan gari. Ya fi nisa, sai da mashin, amma na zauna da duka masu shi ido da ido kafin in ba da ko sisi. Yanzu haka an fara buga bulo.

Duk wanda ya ce maka "yau ko ka rasa", ka bar shi ya wuce. Rabonka ba zai wuce ka ba. Wanda irin wannan ta taɓa samunsa, ya ba mu labari a ƙasa. Allah ya ba kowa muhallinsa.