Jini a Jikin Rake

Ni malamin makaranta ne a Makarfi. Ina saurayi na taɓa yin wata biyu ina tsaron kemis, tun daga nan ake ce mini likita a gidanmu, ni kuma ban taɓa musawa ba.

Ƙarshen damina, lokacin da sauro ke cin kasuwarsa a fadamun rake, ɗan ƙanwata da ke aure a Hunkuyi ya zo mana hutu. Shekararsa tara. Kwana biyu da zuwansa jikinsa ya ɗau zafi. Uwargida ta ce, "Malam, a kai shi a yi masa gwaji mana." Na ce gajiyar wasa ce. Na buɗe gwangwanin magunguna, farasitamol ya ƙare, sai asfirin da nake sha saboda ciwon baya. Na ɓalle rabi na ba shi. Zufa ta karyo masa, ya tashi ya ci tuwo, na ce kin gani ko. Haka na yi ta ba shi safe da yamma.

Rana ta uku ya yi haɓo, na ce zafin rana ne. Washegari na sayo masa rake don bakinsa ya yi daɗi. Yana zaune a kan tabarma yana sha yana tofarwa, sai na ga abin da yake tofarwa ja ne. Na ɗaga leɓensa, dasashi na tsattsafar da jini. A ƙwaurinsa kuma ɗigo-ɗigon ja, kamar an barbaɗa garin barkono. "Kawu, ai ba ya ciwo," in ji shi.

A wani asibiti a Zariya aka ɗebi jininsa. Zazzaɓin cizon sauro ne, ya kuma ci ƙarfinsa. Likitar ta nuna mini wani layi a takardar, ta ce waɗannan su ne ƙwayoyin tsayar da jini, filatilet. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a maikirolita ɗaya, nasa ba su kai 50,000 ba. Maleriya kan rage su, wannan sananne ne. Sai ta ɗago kai. "Malam, me kuka ba shi a gida?"

Gwangwanin yana aljihuna. Na ciro na ajiye a gabanta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce asfirin ba ya rage yawan ƙwayoyin nan, kashe musu aiki yake yi, kuma wadda ya taɓa ba ta farfaɗowa. Sai ɓargo ya ƙera sababbi, alhali kowace kwana bakwai zuwa goma take rayuwa. Ta ƙara da cewa ba a ba yaro mai zazzaɓi asfirin, domin yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Na tsaya ina kallon gwangwanin. Ke nan ciwo ya kwashe masa mafi yawan masu toshe ɓaraka, ni kuma 'yan kaɗan da suka rage na bi su safe da yamma ina ɗaure musu hannu. Zufar da na ɗauka sauƙi ce, rufe ciwon kawai ta yi har kwana huɗu. Haɓon nan ma magana ce jikin yaron ya yi mini, na ba shi amsa da zafin rana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an gaya mini gaskiya tun daren farko, a cikin ɗakina, na ƙi ji don kada a ce likitan gida bai sani ba.

Daga baya na karanta abin da ya ƙara sanyaya mini jiki. Ashe aikin ƙwayoyin filatilet bai tsaya ga tsayar da jini ba, suna cikin masu tsaron jiki. Suna manne wa ƙwayoyin cuta, suna kuma kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa inda aka yi rauni. A 2009 masu bincike a Ostareliya sun nuna cewa suna liƙe wa jajayen ƙwayoyin jinin da maleriya ta shiga su kashe ta a ciki, kuma ɓerayen da aka ba asfirin sun fi mutuwa da ciwon. A ɓeraye ne da ɗakin gwaji, amma ni fuskar yaron nake gani.

Kwanansa biyar a gado. Da ƙanwata ta iso, ta durƙusa tana cewa, "Yaya, Allah ya saka da ɗawainiya." Na ce ta tashi ta zauna, akwai abin da zan gaya mata.