Ba An Ce Kyauta Ba Ne?

A shekarar 2017, da gwamnatin Gana ta soke kuɗin sakandare, na yi hamdala na kai yarona makarantar kwana. Hutun farko ya dawo a rame. Sai da uwarsa ta matsa masa sannan ya ce manyan ɗalibai ke kwashe masa garin rogo da sukari, su sa shi durƙuso da tsakar dare, suna ce masa ɗan Zango.

Na kai maganar taron iyaye da malamai. Shugaban makaranta ya ce malami ɗaya ke duba ɗakunan kwanan, malamar ba da shawara kuwa tana aji tun safe. Ƙarin ma'aikaci sai da kuɗi, kuma ba a ware ba. Da aka ce mu yi karo-karo, wallahi har ni na yi gunaguni: ba an ce kyauta ba ne? Aka watse ba a tara ko sidi ɗaya ba.

Daga baya na zauna na yi lissafi. Sake sayen kayan abinci, kuɗin mota, kuɗin magani, sun ninka abin da aka nema a wurina. Yaron ya gama, ya zama saurayi, amma har yau ba ya barci sai da fitila.