Kacala a tabkin Gidimuni

A Gidimuni, gabas da Damagaram, kacala ta ci bakin tabki sannu-sannu, har masunta suka rasa mashigar jirgi. Saiwarta na tafiya ƙarƙashin laka, iska kuwa na kwasar irinta kamar audugar rimi. Cikin duhunta jan-baki ke kwana kafin ya faɗa wa gero.

An saba cinna mata wuta da rani, alhali wutar ba ta kai ga saiwa, sai ta sake tohowa. Yankan da ke kashe ta na ƙarƙashin ruwa ne, domin gindin ya nutse ya rasa iska. Aikin gayya ne, kuma gayya ba ta taruwa sai an fahimci dalili. Shi ya sa ya kamata malamai su kai ɗalibai bakin tabki, a tono saiwar gabansu, su kai labari gida.