Kilen Katako da Ma'aunin Kanti

Duk wanda ya san birnin Yamai ya san cewa harkokinsa da dama a kan injin dizal suke tafiya. Manyan motocin da ke shigo da hatsi da siminti, da Land Cruiser masu ratsa rairayin arewa, da injinan wuta da ake tayarwa idan lantarki ya ɗauke, da yawansu da gazuwal suke aiki. A cikin kowane ɗaya daga waɗannan injina akwai wata ƴar tazara wadda sau da yawa ba ta kai rabin milimita ba, kuma a kan kayan gyaranta ne wani dattijon makanike na unguwar Bukoki da ɗan ƙanwarsa suka shafe watanni suna jayayya.

Kafin a shiga jayayyar, ya kamata mai karatu ya san wannan tazara. A kan injin akwai ƙofofin ƙarfe da ke buɗewa iska ta shiga, wasu kuma hayaƙi ya fita. Makanikan Yamai suna ce musu supap, na Kano kuwa bawul. Tun da ƙarfe miƙewa yake yi idan ya sha zafi, masu ƙera injin sukan bar ɗan fili tsakanin supap da abin da ke danna shi. Idan filin ya yi kaɗan, supap ba zai rufe ruf ba, matsin iska zai zurare, wuta kuma ta riƙa lasar bakinsa har ya ƙone. Wannan babbar illa ce ga dizal, domin ba shi da tartsatsin kunna mai, zafin matsin iska kaɗai ke kunna gazuwal. Shi ya sa motar da supap ɗinta ya matse takan ƙi tashi da asubar hunturu. Idan kuma filin ya yi yawa, sai a ji ƙas-ƙas a kan injin, ƙarfi ya ragu, ƙarfe ya yi ta cin ɗan'uwansa. Sau da yawa ana yin awon ne injin yana sanyi, kuma kowane iri da lissafinsa. A injin Toyota 1HZ mai silinda 6, wanda aka fara fitarwa a 1990, supap na shigar iska yana son milimita 0.15 zuwa 0.25, na fitar hayaƙi kuwa 0.35 zuwa 0.45, saboda shi ya fi shan zafi.

Shi dattijon ya koyi sana'a a shekarun 1980, lokacin da Berliet da Mercedes ke cika tashoshin ƙasar. Yana matashin maigida aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Duk wani abin ƙarfe da ke zuwa daga Turai ya yi tashin gwauron zabo. A wannan shekarar ce aka kawo masa wata Mercedes 240D, irin wadda kowane supap nata ke da noti biyu na milimita 14, ɗaya bisa ɗaya, a wani lungu da miƙaƙƙen kile ba ya shiga. Ana sayar da kile na musamman don wannan aiki, siriri mai lanƙwasa, sai dai kuɗinsa ya fi ladan gyaran. Sai ya sayi tsofaffin kile biyu, ya nufi kasuwar Katako, inda maƙera ke mayar da tarkacen mota garma da wuƙa da murhu. Wani maƙeri ya sa su a wuta har suka yi ja, ya lanƙwasa su daidai yadda ya zana masa a ƙasa, ya tsoma su a baƙin mai, sannan aka wasa bakinsu suka sirance. Waɗannan kile biyu suna nan a akwatinsa har yau, sun kuma ciyar da iyalinsa shekara talatin.

Daga nan ƙera kayan aiki ya zamar masa ɗabi'a. Da Land Cruiser da Hilux suka yawaita, sai ya tarar da wani salon: a nan babu notin juyawa. Kowane supap yana da wani ɗan faifai mai kama da kwabo a kansa, wanda makanikan Yamai ke kira pastiy, kuma kaurinsa ne ke yanke tazarar. Kafin a zare shi sai an danne mazauninsa ƙasa, an tokare gefensa. Dattijon ya nemo guntun sifirin na babbar mota, aka ƙera masa madanni da matokari, ya ci gaba da aikinsa.

Ɗan ƙanwar tasa kuwa makarantar koyon sana'a ya yi, ya zo garajin da takardar shaida da waya cike da littattafan gyara na kamfanoni. A cikinsu kowane aiki yana da abin yinsa mai lamba. Da ya ga baƙaƙen ƙarafan kawunsa sai abin ya ba shi kunya, musamman idan ma'aikatan manyan ƙungiyoyi sun kawo motocinsu suna tsaye suna kallo.

Wata rana ya ce, "Kawu, mai mota yana kallon kayan aiki kafin ya kalli hannu. Da mun sayi na kamfani, da kwastomomi sun ƙara yarda da mu."

Dattijon ya ce, "Ɗana, noti bai san tambarin kile ba. In ya kama shi daidai, ya juya, an gama."

Jayayyar ta yi tsanani ne bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sa'ad da aka rufe iyakar Benin, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta daina ganin manyan motoci, kayan da suka saba biyowa ta tashar ruwan Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi tsawo, kaya suka ƙara tsada. Dattijon ya ga tarihi ya maimaita kansa, ya kuma ga dalilinsa ya ƙara ƙarfi. Saurayin ya ce zamani ya sauya, yanzu kasuwa cike take da kayan Sin masu araha. Ya tara kuɗinsa, ya sayo wani akwatin roba mai ɗauke da kile da madanni da ma'aunin tazara, wato siraran ruwan ƙarfen nan da ake buɗewa kamar wuƙar aljihu, kowanne da lambar kaurinsa a jiki.

A nan ne ya ga abin da bai taɓa zato ba. Dattijon bai kula kile ba, ma'aunin ya ɗauka. Ya buɗe wata ƴar adaka da ba a barin yara su taɓa, ya fiddo wani ƙunshi na tsumma mai maiƙo. A ciki akwai ma'aunin tazara ƙirar Jamus da mikiromita, wadda ke auna kauri har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Rago guda ya sayar kafin ya mallake su. Ya gwada sabon ma'aunin ruwa bayan ruwa: wasu sun yi daidai, wasu kuma lambar da ke jikinsu daban, kaurinsu daban. Ya ware na kirki, ya ce sauran a ba yara su riƙa kankare datti da su.

Ya ce, "Abin da zai riƙe, ko ya danna, ko ya juya, maƙeri ya isa ya yi shi, domin in ya karkace ido zai gani. Abin da zai faɗa maka gaskiyar awo kuwa, in ya yi ƙarya wa zai kama shi?"

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai ƙimar ido ba ta kai rabin milimita ba, balle kashi goma nasa. Akwai masu awo da reza, wadda kaurinta ke wajen milimita 0.10, su haɗa biyu ko uku su ce ya yi. Akwai masu wasa pastiy a kan dutse idan ba su sami daidai ba, alhali fatarsa ta waje ce aka taurara, da an cinye ta sai ya zaizaye da sauri. Dattijon ya hana wannan a garajinsa. Yana da gwangwanin madara cike da pastiy da ya tsinto daga matattun injina, kowanne ya auna shi ya rubuta kaurinsa. Lissafin ba wuya: idan supap na shiga ya nuna 0.10 alhali ana son 0.20, kuma faifan da ke kai 2.80 ne, to sai a nemo mai 2.70. Motar da za ta kama hanyar Agadas, tafiyar da ta haura kilomita 900, ɗauke da fasinja ko magani, rayuka ne ke rataye a kan wannan ragi. Supap da ya ƙone a tsakanin Tawa da Abalak ba ya jiran gari ya kusa.

Amma saurayin ma bai tashi a tutar babu ba. Wata rana da suka buɗe wani injin da suka taɓa gyarawa, ya nuna wa kawunsa ƴan zane-zane a gefen mazaunin pastiy, daidai inda matokarin Katako ke cizo. Bakin ƙarfen ya yi kaushi da yawan aiki, ga shi kuma yana gogar wurin da kamfani ya goge sumul, kusa da sandar da ke danna supap, wadda kuɗinta ya fi na matokari goma. Ya ce kilen Mercedes sau biyu ko uku ake ɗauko shi a shekara, wannan kuwa kowane mako yana aiki. Dattijon ya shafa wurin da babban yatsa, ya daɗe bai ce komai ba. Bai ce an yi gaskiya ba, domin ba al'adar manya ba ce. Washegari dai ya miƙa wa saurayin kuɗi, ya ce ya aika Kano a nemo na asali, kada a kawo na akwatin roba.

Ta haka garajin ya sami ƙa'idarsa, ko da yake ba wanda ya rubuta ta. Kafin a sayi wani abu ko a kai wa maƙeri, sai a yi tambaya uku: awo yake yi ko riƙo, me zai taɓa a cikin injin, kuma sau nawa za a buƙace shi? Aro kuwa dattijon bai yarda da shi ba sai dole, yakan ce zanen aro ba ya rufe katara.

Su biyun sun san cewa fagen wannan jayayya yana ƙanƙancewa. Injina da yawa na yanzu suna daidaita tazarar supap da kansu ta hanyar matsin mai, cutarsu kuma sai an jona na'ura mai kwamfuta ake gane ta, abin da babu maƙerin da zai bugo a kan uwar maƙera. Wannan ɓangaren dattijon ya sakar wa ɗan ƙanwarsa, shi ke riƙe da na'urar, shi ke karanta lambobinta. Sai dai tsofaffin injina ba su da niyyar barin hanyoyin Nijar da wuri, kuma duk sabon yaron da aka kawo koyon aiki, bayan ya gama watannin wankin noti, saurayin da kansa yake zaunar da shi gaban injin mai sanyi, ya damƙa masa kilen Katako a hannun dama, ma'aunin Jamus a hagu, ya ce ya zura ruwan ƙarfen a hankali har ya ji yana shiga da ɗan ja, ba sako-sako ba, ba kuma da tilas ba.